Littafin da Ya Fita Cikin Gangar Tuffa

Daga gidan zuhudu na mata, bakin kogi. Farkon kaka, 1516.

Zuwa ga ɗan kawuna Wendel, a gidan Maigida Oswald mai maɗaba'a, birnin Basel.

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka a kan ƙafafunka. Ni lafiyata lau, in ban da haƙorin nan na ƙasa da ya ƙi zama lafiya ya kuma ƙi fita. Uwa Babba, shugabarmu, idonta ya ƙara dushewa, shi ya sa har yanzu alƙalamin gidan nan da makullin ɗakin littattafai suna hannuna. Ba don haka ba, ka san ba za ka ga layi ɗaya daga gare ni ba sai ta tantance shi.

Na ga a ƙasan wasiƙarka ka sa hannu da wani suna mai tsawo kamar igiyar guga. Wai Vendelinus Coriarius. Na ce wane ne kuma wannan? Ashe ɗan Kawu majemi ne, wanda muka yi wasan ƙasa tare a bayan ramin jima. Ku malaman zamani ku yi ta liƙa wa sunanku wutsiyar Latin, ni dai Wendel na sani.

To, nacinka ya ci. Tsohon littafin nan na fata da ka dame ni a kansa yana cikin gangar busasshiyar tuffa da Kilian mai keken doki zai sauke muku. Na naɗe shi da ƙyalle mai kakin zuma. Da Kilian ya ciccibi gangar sai ya leƙo ta tagar ƙofa ya ce, "Sista, tuffar nan taku ta bana dutse ta haɗiya ne?"

Na ce, "Ɗauki kayanka ka yi gaba, sarkin surutu."

Ya ce, "To, Allah ya sa dai tuffar ba ta iya magana ba."

Ka riƙe shi da mutunci, Wendel. Shafukan farko sun ɓace tun kafin a haifi kakanninmu, babu wanda ya san sunan Barumen, wato mutumin tsohuwar Rum, da ya rubuta shi. Amma ya bi koguna, ya shiga teku, duk garin da ya sauka sai ya faɗi abin da suke ci da yadda suke binne matattunsu. Tun da aka rufe ƙofar gidan nan a bayana, duk abin da na gani a bayan katanga ta bakin mutumin nan na gan shi.

Ga sharaɗina. Ka kwafe shi da hannunka, ka dawo mini da shi kafin Ista. Kada ka faɗa wa kowa inda ya fito. Yana cikin kayan da matar da ta gina gidan nan ta bari, kuma dokarmu ta hana ko allura daga kayanta ta ƙetare ƙofa. Bayan Ista mai binciken bishop zai zo, za a fito masa da kayan nan ɗaya bayan ɗaya ya ɗora hannu a kai. In ya tarar babu, za a karɓe makullin, a karɓe alƙalamin. Ka kuwa san alƙalamin nan shi kaɗai ne hanyar da ba a toshe mini ba.

Ni ce 'yar gwaggonka,
Afra

Daga Basel. Ƙarshen kaka, 1516.

Zuwa ga Sista Afra, taubashiyata mai kaifin baki.

Ina gaishe ki da kyau, ina yi miki sannu da haƙori. Ki danna masa kanumfari, in ya ƙi ji ki karanta masa wasiƙarki, zai fice da kansa. Ni ma lafiya, sai tarin da hayaƙin tawada ke sa kowa a gidan nan, da idanu da ke yi mini yaji.

Ganga ta iso. Afra, da na warware ƙyallen nan sai ga littafin a hannuna. Na so in ɓoye shi, amma a gidan da mutum ke kwana a saman maɗaba'a yana ci a teburin maigidansa, ina wurin ɓuya? Maigida Oswald ya gan shi a hannuna. Ya je ya wanke hannu, abin da ko don cin abinci ba ya yi, ya buɗa shafi biyu, ya sa hanci ya shinshina.

Ya ce, "Ɗan majemi, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Aro ne, Maigida, mai shi ba ya son a ambace shi."

Ya ce, "Ya zauna da sunansa. Masu maɗaba'un Venice ba su da wannan! Bana sai sun ciji yatsa." Ya rungume ni har sai da ƙashin bayana ya yi ƙara.

Ranar, malaman da ke ci a teburinmu ba su bari miyar kabeji ta shiga cikin kowa da zafinta ba. Wannan ya ce marubucin ya riga zamanin Almasihu, wancan ya ce ƙarya ne, har wani mai koyar da Girkanci ya ɓarar da giyarsa a cinyar matar gida. Kin ga abin da muke ta faɗa ke nan. Magabata sun yi rubutu mai tsabta, an bar shi yana ruɓewa a lunguna, mu kuma Allah ya ba mu haruffan dalma mu fito da shi duniya ta gani.

Kada ki ɗauka ni a sake nake. Ke katanga ta tsare ki, ni tebur ne. Aikina duba kurakuran abin da aka jera, tun fitowar rana har faɗuwarta, kuma na sa hannu a gaban shaidu cewa ba zan bar gidan nan ba sai littattafan kasuwar Frankfurt ta bazara sun shiga jirgi. Coci kawai nake fita ran Lahadi. Tsaunukan da ake faɗa ma daga taga nake hango su.

Na fara kwafar littafin a ɗan lokacin da nake samu. Maigida ya ce alƙalamina tafiyar dodon-koɗi yake yi, yana tunanin wata dabara da za ta sa mu riski kasuwa. Ki kwantar da hankalinki, kafin Ista kayanki na hannunki.

Naki,
Wendel, tunda kin hana ni sunana na malamai

Daga gidan zuhudu. Bayan Kirsimeti.

Wendel,

Barka da idi, da fatan tarin ya sake ka. Haƙori ya fita, Sista mai kula da marasa lafiya ta cire shi da abin da take cire ƙusa. Sanyi kuwa ya kai tawada na daskarewa a cikin kwalba, sai na sa ta a hammata kafin in rubuta maka.

Wace dabara ce Maigidanka ke tunani? Layin nan ya hana ni sukuni. Na yi ta jiran wata takarda daga gare ka, shiru. Na ce kada ka faɗa wa kowa, kai kuma ka baje shi a teburin cin abinci.

Ka saurara da kyau. Tsohon mai binciken da ke zuwa ya sha ruwan inabinmu ya yi gyangyaɗi ya tafi, Allah ya yi masa rasuwa. An naɗa wani, Fada Blasius. An ce ba ya dariya, kuma ya tsani duk abin da ya fito daga maɗaba'un Basel. A wani gidan zuhudu da ke gaba da mu har ƙarƙashin katifu ya sa aka ɗaga.

Ga wata kuma. Da hunturu ya kama, Uwa Babba ta ce in riƙa karanta mata tafiye-tafiyen Barumen nan bayan cin rana, wai yana ɗumama mata jiki. Me zan ce? Sai na ɗauko wani littafin wa'azi mai girmansa, na buɗe a cinyata, ina karanto mata abin da na haddace. Da hadda ta ƙare na shiga ƙirƙira. Shekaranjiya na kai ta wani gari da mutanensa ke gina gidaje a kan jiragen ruwa.

Ta ce, "Afra, wannan garin ban taɓa jin sa ba."

Na ce, "Shafuka biyu ne suka manne, Uwa, yau na raba su."

Ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ci gaba."

Albarkar nan ta fi mari ciwo. Matar nan ita ta riƙe ni tun ina sabuwar shiga, ga shi kullum ina zuba mata ƙarya tana godiya.

Makon jiya muka binne Sista Walburga, wadda ta koya mini Latin. An kafa mata itace ba suna, kamar yadda ake yi wa kowa. Na tsaya a cikin ƙanƙara ina tunanin ni ma haka za a yi da ni, in rayu in mutu a bayan katangar nan babu wanda ya san an taɓa yin wata Afra. Ka yi haƙuri, sanyi ne ke sa ni irin wannan magana. Ka dai aiko mini da littafina, ko ka gama ko ba ka gama ba.

Afra

Daga Basel. Tsakiyar azumin Ista, 1517.

'Yar'uwata Afra,

Ina gaisuwa, ina fata sanyi ya sassauta muku. Ni jiki da sauƙi, zuciya ce ba lafiya. Wasiƙarki ta bayan Kirsimeti sai jiya ta shigo hannuna. Ƙanƙara ta rufe hanya, Kilian ya yi zaman dole a wani masauƙi da ita a aljihu.

Gara ki ji daga bakina. Dabarar Maigida ita ce a daina kwafa, a jera haruffa kai tsaye daga tsohon littafin. Masu jerawa kuwa ba mutum ɗaya ba ne, kowa sai an ba shi rabonsa a gabansa. Wata safiya na sauko na tarar an yanke zaren ɗinkin, an cire bangon, an raba shafukan.

Na ce, "Maigida, aro ne fa! Na yi alkawari!"

Ya ce, "Haba malam, yau ka fara aiki a maɗaba'a? Kowa haka yake yi. In sabo ya fito, wa zai waiwayi tsoho? Mai shi ya ba da ɗaya, zai karɓi wanda ya fi shi kyau, har da godiya."

Jost, babban mai jera haruffa, ya ɗago kai ya ce, "Ɗan majemi na kukan fata! Je ka gidan ubanka ka ɗebo wata mana." Duk suka sa dariya.

Na yi niyyar tattara shafukan in gudu. Amma takardar shaidar aikina tana akwatin Maigida, kuma wanda ya gudu kafin wa'adi babu maɗaba'ar da za ta sake buɗe masa ƙofa daga nan har Cologne. Na zauna. Da hannuna na riƙa sa jan alli a kan fatar, ina nuna musu inda kowane shafi zai tsaya. Yanzu duk ta sha yatsun tawada. Wanda aka gama da shi kuma mai yin bango yake kwashewa, ya yayyanka ya liƙa a ƙashin bayan sababbin littattafai, don fata tana da ƙarfi. Na ƙwato abin da na iya, bai kai rabi ba.

Na san kin ji kamar ki shaƙe ni. Amma ki tsaya ki ji sauran. Littafin ya fito, Afra, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba. Guda dubu muka buga. Farar takarda, haruffa a miƙe, duk kurakuran tsofaffin masu kwafa na gyara su.

Saura gabatarwa ce kawai ba a buga ba lokacin da wasiƙarki ta zo. Na karanta abin da kika ce a kan kabarin Sista Walburga, na yi hawaye a gaban Jost ban ji kunya ba. Na ce wannan kam ina da maganinsa. Na zauna na sake gabatarwar, yau da safe ta shiga matsin bugu. Ga abin da na ce: "Wannan marubuci ya daɗe ɗaure a kurkuku, cikin ƙura da duhun jahilci, har Allah ya kawo Afra, mai tsaron littattafan gidan zuhudu na bakin kogi, mace mai ilimin da ya fi na maza da yawa, ta buɗe masa ƙofa." Kada maganar kurkuku ta dame ki, kowace gabatarwa haka ake rubuta ta, ado ne kawai. Daga Paris har Krakow za a san an yi wata Afra.

Naki har kullum,
Wendel

Daga gidan zuhudu.

Wendel, lafiya lau nake, ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, Kilian na tsaye a ƙofa.

Ka haukace ne? Ka cire sunana! Ka yage shafin nan daga kowane littafi, ko da haƙori ne. Ni kuka na yi maka irin na 'yan'uwa, ban ce ka yi shela da ni ba. In littafi ya ɓace kawai, zan iya cewa ɓera ne, ko ruwa, in sha horo na wata ɗaya a wuce wurin. Amma ka rubuta da hannunka cewa ni na fitar da shi, ka buga sau dubu? Ka kira gidan da nake ci nake kwana kurkukun jahilai? Don girman Allah, don darajar Kawu, ka tsayar da shi.

Afra

Daga Basel. Makon Ista.

Afra,

Barka da Ista, in har akwai sauran barka tsakaninmu. Ina nan da rai.

Takardarki ta zo bayan an ɗora gangunan littattafai a jirgi. Na ruga wurin Maigida, na durƙusa masa a gaban ma'aikata.

Ya ce, "Tashi, kada ka ɓata mini wando. Kaya sun yi nisa a kogin Rhine. In ka iya iyo, bismilla, bi su."

Na ce to ya sallame ni in zo in yi wa Uwa Babba bayani da bakina. Ya ce wa'adina ya cika, gaskiya ne, amma ya riga ya karɓi wani babban aiki na Girkanci da sunana, in na tafi yanzu takardar shaidata ba za ta fito daga akwati ba. Ga ni nan dai a teburin.

Na ba Kilian shafukan da na ƙwato, da sabon littafi guda mai bangon fatar maraƙi. Ki nuna wa Fada Blasius. Ya ɗora su gefe da gefe ya gani da idonsa. Duk mai hankali zai yarda gidanku bai yi asara ba. An ce a Frankfurt rububinsa ake yi, har wani malami daga Louvain yana tambaya wace ce Afra.

Na yi ne don in faranta miki. Ki rubuto, ko zagi ne.

Wendel

Daga gidan zuhudu. Bayan Ista, 1517.

Zuwa ga ɗan kawuna Wendel,

Ina gaishe ka, ina yi maka fatan lafiyar ido da ta ƙirji. Ni ƙalau nake. An ba ni izinin wannan takarda ɗaya, kuma mataimakiyar Uwa Babba na zaune kusa da ni tana kallon abin da nake rubutawa, don haka ba za ka sami zagin da ka roƙa ba.

Saƙonka ya iso, amma ba a buƙaci in nuna wa Fada Blasius komai ba. Da nasa littafin ya zo. Magatakardan bishop ne ya sayo shi a Frankfurt.

Ya sa aka tara mu duka a ɗakin taro. Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe shafin farko ya karanta gabatarwarka da Latin, sannan ya ce, "Saboda 'yan'uwa da ba su yi karatu ba, bari in faɗa da Jamusanci." Ya bi ta kalma kalma. Da ya zo kan kurkuku ya dakata. Da ya zo kan duhun jahilci ya sake dakatawa, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Matan nan su suka yi jinyata da na yi zazzaɓi, Wendel. Wadda ke gasa mana burodi ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta, ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Ya ce, "Wace ce Afra, mai ilimin da ya fi na maza?"

Na miƙe.

Ya ce, "Sannu da aiki. Ina littafin gidan nan?"

Na kawo ƙunshin da ka aiko na kwance a gabansa. Ya ɗaga shafi ɗaya da yatsu biyu, ga jan allinka, ga shatin babban yatsan wani. Wani shafin ma warin kifi yake yi. Ya mayar ya ajiye.

Duk wannan na iya ɗauka. Abin da ya karya ni Uwa Babba ce. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin numfashina, ta ce, "Afra, tun yaushe ya bar gidan nan?"

Na ce, "Tun kaka, Uwa."

Ta ce, "To me kike karanta mini duk hunturun nan?"

Tun ranar ba ta sake kirana 'yata ba.

An karɓi makullin. In na sa hannu a ƙasan takardar nan za a karɓi alƙalamin. An mai da ni ɗakin wanki, kuma Fada ya rubuta cewa kada in ƙara riƙe littafi sai na addu'a, muddin raina. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban san yadda ake yini ba tare da karatu ba, kuma shekaruna ba su yi nisan da zan ce saura kaɗan ba.

Ban tsine maka ba. Ni na sa littafin a ganga da hannuna, kuma na san da zuciya ɗaya ka yi. Ka gaya wa malamin Louvain duk abin da ka ga dama. Kada ka sake rubuto mini, duk takardar da ta zo da sunana murhu za ta shiga ba a buɗe ba. In ka je gida ka gaishe da Kawu, ka ce masa ina lafiya.

Abu ɗaya zai yi maka daɗi. Fada Blasius ya juya sabon littafin a hannunsa ya ce, duk da komai, bugun ya yi kyau, kuma tunda gidan nan ba shi da wani, a ajiye shi a gurbin tsohon. Yana nan a ɗakin littattafai da ke sama, bango ɗaya ne tsakaninsa da inda nake shanya. Ka ce dubu kuka buga, daga Paris har Krakow duk wanda ya so zai buɗe ya karanta. A duniyar nan kaf mutum ɗaya aka hana, ni ce.

'Yar gwaggonka,
Afra